Olsa ta ƙi jin magani: me ake dubawa bayan H. pylori?

Mai Kemis, Aboabo: Salamu alaikum jama'a. Dakta, ina neman shawara. Mutum ya sha haɗin maganin H. pylori, ƙwayar cutar da ke kawo olsa, har sau biyu, gwajin bayan gida ya ce babu, amma zafin ciki da kumburi suna nan daram. A sauya masa wani haɗin ne, ko ina za a tura shi?

Malam na Lab: Wa alaikumus salam, Alhaji. Kafin Dakta ya shigo, wannan "babu" ɗin ta yaya aka same ta? Idan mutum na kan shan omeprazole, maganin rage asid na ciki, aka ɗauki bayan gidansa, ƙwayar tana lafawa, gwaji ya kasa ganinta alhali tana nan. Sai ya bar omeprazole da danginsa mako 2, antibayotik da bismuth kuma mako 4, sannan a gwada. Gwajin jini kuwa kar a ɓata kuɗi a kansa bayan an sha magani, domin yakan ci gaba da nuna akwai ko da ƙwayar ta daɗe da mutuwa.

Dakta: Haka ne, Malam. In an yi gwajin bisa ƙa'ida kuma ya sake cewa babu, Alhaji, kar a ba shi haɗi na uku a makance. A rubuta masa takarda zuwa asibitin Komfo Anokye da ke Kumasi a leƙa cikin da kyamara, kuma a gutsuro nama. Leƙawa kaɗai ba ta isa ba. Ƙa'idar ita ce gutsure 5: biyu daga ƙasan tumbi, biyu daga tsakiya, ɗaya daga lanƙwasar da ke tsakaninsu. Dalili kuwa, akwai ƙwayoyin da ba kasafai ake gamuwa da su ba, kuma sai a madubin lab ake gane su.

Ta farko ita ce Helicobacter heilmannii da 'yan uwanta, waɗanda ake ɗauka daga kyanwa, kare ko alade. Ba ta bazuwa ko'ina a tumbi, nan da can take zama, shi ya sa gutsure ɗaya zai iya kuskure ta. Maganinta irin na H. pylori ne, kwana 14 cur. A tambayi mara lafiya ko akwai kyanwa a gida, mu dai a zango mun san amsar.

Malam na Lab: A rubuta mana a takardar cewa ana zarginta, sai mu yi rinin Giemsa. Ta fi H. pylori tsawo, murɗinta kuma ya fi matsewa. Wadda ta fi sauƙin ganewa ita ce Sarcina ventriculi: ƙwayoyi huɗu-huɗu ko takwas-takwas a cure, kamar dilar gwanjo da aka ɗaure da igiya a kasuwar Kejetia. Tun 1842 John Goodsir ya bayyana ta a aman wani mara lafiya.

Dakta: Sarcina ta fi zama inda abinci ke daɗewa a tumbi, wato mai ciwon suga da tumbinsa ya yi sanyin aiki, ko wanda tabon olsa ya toshe masa mafitar tumbi. Alamarta amai mai kumfa da tsami, da ciki a kumbure. Akan ba da antibayotik metronidazole, sau da yawa tare da ciprofloxacin, da maganin rage asid. Amma in ba a gyara toshewar ko sugan ba, an yi aikin banza.

Anti Nas, Asawase: Dakta, kar a manta da tarin fuka. Tana iya kama tumbi ba tare da mutum ya yi tari ko sau ɗaya ba, sai rama da zazzaɓin dare da gumi, a kyamara kuma ta yi kama da ciwon daji. A ce a tura gutsure ɗaya gwajin tarin fuka na GeneXpert a ruwan gishiri, kar a jefa duka a formalin, ruwan da ake adana nama a ciki. Magani wata 6 ne, kuma kyauta ake bayarwa a Gana. Shirin leƙa ciki: babu abinci awa 6 zuwa 8, kuma ya zo da ɗan rakiya in za a yi masa allurar barci.

Mai Kemis, Aboabo: Na gode, Hajiya. To kafin ranar ta zo me zan ba shi?

Dakta: Maganin tauna ko na ruwa mai kwantar da ƙwannafi ya wadatar. Ka tambaye shi ko yana shan diclofenac ko ibuprofen don ciwon jiki, domin su ne suka fi hana olsa warkewa, su ya kamata a fara zargi kafin duk waɗannan ƙwayoyi. Mai shan metronidazole kuma ya nisanci duk wani bitas (tsimin ganye) mai barasa, har kwana 2 bayan ya gama.

Anti Nas, Asawase: Amma mai aman jini, ko baƙin kashi mai ɗoyi, ko ciwon ciki mai tsanani da zazzaɓi mai zafi farat ɗaya, wannan ba ya jiran ranar da aka ba shi. Na ƙarshen nan kan iya zama bangon tumbi ne ya ruɓe da mugunya, yawanci aikin ƙwayar Streptococcus. Emajensi kai tsaye, ko da tsakar dare ne, kuma kar a ba shi komai ya ci a hanya.