Wace safar hannu ce ke jure igiya da ruwan gishiri?

Assalamu alaikum jama'a. Don Allah masu harkar jirgin ruwa mai tafiya da iska, ku ba ni shawara. Ina koyo ne a Legas, kuma aikina a jirgin shi ne jan igiyar filafilai da sassauta ta. Idan iska ta taso igiyar nan takan zame da gudu ta ƙone tafin hannu, yanzu haka gindin yatsuna duk bororo ne.

Na gwada safar hannu ta fata, da ta sha ruwan teku ta bushe sai ta ƙandare, ko dunƙule hannu ba na iyawa. Ta magina mai roba a tafi tana da araha kuma tana riƙe igiya sosai, amma ba ta daɗewa take yagewa. Ta neoprene kuwa, wato wata irin roba mai riƙe ɗumi, ta ƙasashen sanyi ce, a zafin nan gumi kawai za a sha.

Inda na maƙale shi ne yatsu. Mai gajerun yatsu tana barin a yi ƙulli cikin sauƙi, sai dai igiya na cin kan yatsun. Ko wadda aka yanke babban yatsa da manuni kaɗai ta fi? Sannan na kamfanoni irin su Gill da Musto sun cancanci kuɗinsu, ko suna ne kawai?