Me ya sa jar ƙwayar jini ba ta da cibiya?

Ɗaliba daga Fagge: Malamai, an koya mana cewa ƙwayar halitta tana da cibiya, wato ɓangaren cikinta mai ɗauke da bayanan gado da take buƙata don hayayyafa, amma da na duba ɗigon jini a madubin likita ban gan ta ba. Mene ne dalili?

Malami daga Gwale: 'Yata, kin lura da kyau. A ɓargo ake samar da jar ƙwayar jini, kuma kafin ta shiga jini takan zubar da cibiyarta domin ta cika da himogulobin mai ɗaukar iskar oksijin, shi ya sa ba ta hayayyafa, kuma bayan kwana kusan 120 take mutuwa.

Ma'aikaciyar jinya daga Tarauni: Masu sikila ne ke ba ni tausayi, domin tasu kwana 10 zuwa 20 take yi, tana lanƙwashewa kamar lauje ta toshe ƙananan jijiyoyi.