Masu tura fim a waya, haƙƙin wa muke ci?

Mai Caji Tudun Wada:

Assalamu alaikum jama'a. Ina da rumfar caji da tura fim a Tudun Wadan Zariya, kan hanyar Kongo. Shekara 6 ke nan ina wannan sana'a. Da ita na yi aure, da ita nake biya wa ƙannena biyu kuɗin makaranta. Fim ɗaya naira 50, mai dogon zango kuma kashi uku naira 100. Yawancin cinikina na matan aure ne, yara suke aikowa da memori a ƙulle cikin leda.

Ranar Talata bayan la'asar wani bawan Allah ya kawo caji, ya zauna a benci yana jira. Sai ga wata yarinya, wai antinta ta ce a sa mata sabon kashin wani shiri. Na tura mata. Bayan ta tafi ya dube ni ya ce, "Ɗan'uwa, ni na haɗa hoton wannan kashin. Kwana huɗu na yi a kansa, har yau ba a cika mini kuɗina ba, furodusa ya ce fim bai dawo da komai ba." Ko muryarsa bai ɗaga ba. Ya biya kuɗin cajinsa ya wuce.

Wallahi tun ranar hamsin ɗin nan ta tsaya mini a rai. Wasu fina-finan a Telegram nake samu, wasu a YouTube inda kowa ke kallo kyauta. To in abu kyauta ne, na sauke na ba wadda ba ta da data, wa na cuta? Kuma akwai yadda za a yi sana'ar nan ba tare da cin gumin wani ba?

Baban Kaset Sabon Gari:

Wa alaikumus salam yarona. Allah ya yi maka albarka da ka tambaya, don wanda bai damu ba ba ya tambaya.

Ni kaset na sayar a Sabon Gari kusan shekara 18. Tun bayan da Turmin Danya ya fito a 1990 aka gane cewa fim ɗin Hausa abin sayarwa ne, kuma kafin shekarar 2000 kasuwar ta kama sosai. Da asuba nake shiga mota a Kwangila, kafin hantsi ina Ƙofar Wambai a Kano. Ga abin da ku yaran yanzu ba ku sani ba: kwali muke saya. Furodusa zai buga kwalin fim ɗinsa da hotunan 'yan wasa, ya ba dila asalin kaset, a yi ta kwafa ana zurawa a kwalin. Kowane kwali da ya fita, kuɗi ya shiga aljihun mai fim. Ko a lokacin akwai masu buga na jabu, amma ɓarawon yana buƙatar injin, da kaset, da shago, ana iya zuwa a same shi.

Da faifai ya zo sai aka fara cusa fim biyar ko shida a guda ɗaya ana sayarwa a baro. Da memori ta zo kuma sai kwalin ma ya tashi aiki. A 2016 na rufe shagon, faifai ya fi katan goma na kwashe zuwa gida, suna nan a zaure ƙura ta rufe su. Ba ni kaɗai ba: mai buga kwali, mai dako, yaron shago, direban da ke kawo mana kaya, duk kowa ya kama gabansa. Yanzu hatsi nake aunawa.

Ba zan ce maka ɓarawo ba, don na san abinci kake nema. Amma a hamsin ɗinka ko kwabo ba ya komawa ga wanda ya sha rana ya yi aikin. A nawa kwalin yana komawa. Bambancin ke nan.

Maman Ilham Samaru:

Malam Mai Caji, ni da ƙanena muke yin ɗan shiri muna sawa a YouTube, don haka bari in amsa maganar "kyauta" ɗin nan, don ita ce ta fi ci mini rai.

Ba kyauta ba ne. Tallan da ke fitowa kafin fim da tsakiyarsa, shi ne kuɗinmu. Kafin ma YouTube ta fara biyanka sai ka tara mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin shekara, sannan ta ba ka kashi 55 cikin ɗari na kuɗin tallan. Tallan da ake nuna wa mai kallo a Najeriya kuma kuɗinsa kaɗan ne, sai mutane sun taru da yawa yake zama wani abu. Kai in ka sauke sau ɗaya ka tura wa mutum 200, a wajenmu mutum ɗaya ne ya kalla. Sauran sun yi dariya, sun yi kuka, sun yi ta gardama a kan labarin a gidan biki, mu kuwa ba mu san da su ba.

Kashi ɗaya sai mun biya mai kamara, mai haske, mai sauti, mai kwalliya, matar da ke dafa wa 'yan lokeshan abinci, ga hayar gida, ga man janareta. A kashi na 9 muka tsaya bara. Zoben aurena na sayar muka yi na 8.

Doka tana nan. Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar haƙƙin mallaka a watan Maris 2023, kuma ta shafi abin da ake ɗorawa a intanet. A YouTube in wani ya sake ɗora fim ɗinka kana kai ƙara su cire shi. Na Telegram kuwa yau a rufe, gobe su buɗe da wani suna, su kira mabiyansu su bi su.

Ɗan Kongo:

Anti, Allah ya mayar miki da alheri, amma a duba ɓangarenmu ma. Tun da aka ƙara kuɗin kira da data da kashi 50 cikin ɗari a farkon 2025, kallon kashi ɗaya mai awa guda ya fi ƙarfin mutane da yawa. Mahaifiyata a Gyallesu ƙaramar waya gare ta mai memori, ba ta san YouTube ba. In Mai Caji ya rufe yau, ba wajenku za ta dawo ba, daina kallo za ta yi. Kuma fina-finan Indiya da ake fassarawa da Hausa muna kallo, wa ya tambayi masu su?

Maman Ilham Samaru:

Ƙanena, ban ce ya rufe ba. Mahaifiyarka ai tana biya, hamsin ɗinta ce ba ta iso mu ba. Masu rumfuna su haɗa kai su zo su sayi izini a hannunmu. Ko rumfa 30 ce kowa ya kawo 1,000, mu ba su kashin mai kyau ranar da ya fita, ba wanda aka matse har fuskar ɗan wasa ta dushe ba. Wannan kuɗin ya biya mai haɗa hoto da mai sauti.

Mai Caji Tudun Wada:

Na gode Baba, na gode Hajiya. Dubu ɗaya mutum 20 ne kawai, a sabon kashi kafin magariba nake haɗa su, don haka ba ta fi ƙarfina ba. Abin da nake tsoro shi ne in saya, na kusa da ni ya karɓa ta Xender, manhajar tura abu daga waya zuwa waya, a wayar kwastomana ya sayar a naira 30. Mu 7 ne a layinmu. Zan tara su ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci in ji bakinsu. Hajiya, in sun yarda, kashi nawa kike da su a ƙasa da ba ki sake ba?