Neman kalmar Hausa: me za mu kira "maskin" a fentin ƙananan jiragen sama?

Mai Fassara: Assalamu alaikum. Ina fassara darasi kan harhaɗa ƙananan samfuran jiragen sama na roba, irin waɗanda kamfanonin Airfix da Tamiya da Revell suke yi a ma'aunin 1/72 da 1/48, wato an rage girman jirgin sau 72 ko sau 48, kuma ranar Alhamis zan miƙa aikin. Kalmar da Turawa suke cewa maskin ce ta tsayar da ni. Bayan an gama fentin mazaunin matuƙi, an haɗe ɓari biyu na gangar jirgin, sai a tsare bakin mazaunin kafin a fesa wa jikin jirgin fenti, domin kada feshin ya shiga ya ɓata aikin ciki. Ana yin haka da salatif na takarda, ko a cusa soso, ko a shafa wani ruwa irin Maskol na kamfanin Humbrol, wanda yake bushewa ya zama roba a ɓare shi daga baya. Kalma ɗaya nake so ta ɗauke su duka.

Malamar Nahawu: Wa alaikumus salam. Karewa ita ce ta fi dacewa, domin manufar aikin ke nan: a kare wani wuri daga fenti. Matsalarta ɗaya, masu rubutu a waya ba sa damuwa da lanƙwasa, don haka "kare mazaunin kafin ka fesa" zai iya zama "ƙare mazaunin kafin ka fesa", kuma dukkan jimlolin biyu suna da ma'ana a wannan darasin, wanda hakan ya fi haɗari.

Mai Feshi: Malam Mai Fassara, ba na jin kalma ɗaya za ta isa, domin ayyukan ba iri ɗaya ba ne a hannu. Idan bakin mazaunin a buɗe yake, toshe shi ake yi: a yanki soso ya ɗan fi ramin girma, a cusa a hankali don kada a karya sandar tuƙi, sannan a bi gefe da siririn salatif. Idan kuwa an riga an ɗora murfin gilashin da ke rufe mazaunin, rufewa ake yi: kowace taga a liƙa mata salatif, a danne gefensa da tsinken sakace don kada fenti ya kutsa ta ƙarƙashi, a bar sandunan murfin a fili. Su ma sandunan, launin ciki ake fara fesa musu, kamar koren da ke cikin jirgin yaƙin Birtaniya Spitfire, kafin launin waje, saboda shi za a hango ta cikin gilashin. Mai koyo yana bukatar ya san lokacin toshewa da lokacin rufewa.

Dattijon Zaure: Ni kam na daɗe da warware wannan. Hana-shafe ita ce kalmar, a kan tsarin hana-salla, kuma ba ta ranci komai daga kowa ba. Abin takaici ne a ce muna neman Hausar maskin alhali bakinmu cike yake da fenti da salatif da roba, kamar harshen ba shi da kayan kansa.

Malamar Nahawu: Allah ya gafarta Malam, ginin kalmar daidai yake, amma suna ce, ba aikatau ba. Umarni ake ba mai koyo, kuma ba zai yiwu a ce masa "ka hana-shafe tagogin" ba. Ban da haka, shafe yana nuna goga abu da hannu ko buroshi, nan kuwa feshi ne.

Ɗalibi: Me zai hana takunkumi, tunda shi aka yi amfani da shi wa abin rufe hanci a lokacin korona?

Mai Feshi: Takunkumi yana da nasa gurbin a darasin, domin mai fesa fenti shi ma yana sa shi don kare huhunsa. Idan aka ce a sa takunkumi kafin feshi, ba za a san na mutum ko na jirgi ba.

Dattijon Zaure: Kullum haka kuke yi, duk kalmar da Bahaushe ya ƙera sai ku nemo mata aibi, amma ta aro kuna karɓarta hannu bibbiyu. Da magabata sun yi irin wannan tsoron, da ba mu ce jirgin sama ba.

Malamar Nahawu: Ranka ya daɗe, magabatan nan su ne suka karɓi fenti da mota, kuma ba su ga harshen ya ragu ba. Jirgin sama ta zauna ne saboda kowa ya ji ta ya gane, ba don an tilasta ta ba.

Mai Fassara: Na gode muku, lokaci ya matse ni. Zan sa wa babin suna "Kare mazaunin matuƙi daga fenti", tunda "daga fenti" ta kawar da ruɗanin lanƙwasa. A cikin umarni zan rubuta toshe ga soso, rufe ga salatif. Ruwan Maskol kuwa zan kira shi ruwan hana-fenti. Saura yankakkun takardun rufewa da kamfanin Eduard yake sayarwa daidai da tagogin jirage daban-daban, waɗanda ban sama musu suna ba tukuna.

Dattijon Zaure: Kun ɗauki rabin kalmata kun liƙa mata ta aro. Na bar ku da ita saboda Alhamis, amma a nawa rubutun hana-shafe zan ci gaba da sawa.