Will, going to ko -ing: wanne ake sawa in ana maganar gobe da Ingilishi?

Hadiza, Maradi:

Assalamu alaikum malamai. A lakwal an koya mana cewa "will" shi ne "za" na Hausa, shi ke nan. To amma ina jin masu harshen suna cewa "I'm leaving tomorrow", wani lokaci "I'm going to leave", wani lokaci kuma "I'll leave". Duk ba "zan tafi" ba ne? Me ya raba su? Sannan me ya sa ake jan biro ja a kan "When I will arrive, I will call you", alhali zuwan bai auku ba tukuna?

Malam Habu:

Wa alaikumus salam, 'yata. Abin da za ki fara riƙewa: aikatau na Ingilishi ba ya da wata siga ta lokaci mai zuwa, irin yadda Faransanci ke mayar da "partir" ya koma "partirai". Kalmomi ake jingina masa. Kuma ba nisan lokaci ke zaɓar kalmar ba. Abin dubawa shi ne: yaushe aka yanke shawarar, kuma an riga an shirya ko ba a shirya ba?

Ɗauki tafiya guda ɗaya, daga Maradi zuwa Zinder. Ana zaune aka ce akwai saƙon da ya kamata a kai, babu mai zuwa. Nan take kika ce "I'll go". Shawarar a bakinki aka haife ta, wannan wurin "will" ne. Haka in waya ta yi ƙara: "I'll get it". Haka alkawari: "I'll pay you on Monday".

In kuwa tun makon jiya kika ƙudura a ranki, amma ba ki sayi tikiti ba, sai ki ce "I'm going to visit my aunt in Zinder". Niyya ce da ta riga maganar. Ya yi kusa da "je vais partir" da kika sani.

In tikiti na cikin jaka, gwaggo ta san ranar, an ce za a tarbe ki a tasha: "I'm travelling to Zinder on Thursday". Siga ce ta abin da ake cikin yi, amma ranar da aka ambata ta kai shi gaba. Masu harshen da wannan suka fi tambayar juna shiri: "What are you doing tonight?" Wanda ya ce "What will you do tonight?" za a gane shi, sai dai kunne zai ji baƙon harshe.

Ita kuma motar, tunda lokacinta a rubuce yake a allon kamfani: "The bus leaves at six". Jadawali ne, babu "will" ko kaɗan. Haka ranar jarrabawa da ranar komawa lakwal.

Hasashe ma iri biyu ne. Hadari ya haɗo daga gabas, iska ta fara ɗaga ƙura, mata na kwashe shanya: "It's going to rain". Ido ya ga alama. Amma in ra'ayi ne kawai game da damina mai zuwa: "I think it will rain early this year". Shi ya sa "will" ke yawan biyo bayan "I think", "I'm sure" da "probably".

Malama Rabi:

Ƙanwata, tambayarki ta biyu laifin Faransanci ne. Shi yana cewa "quand j'arriverai", sai ɗalibi ya kwafo. Ingilishi ba ya yarda "will" ya shiga bayan "when", "if", "before", "after", "until" da "as soon as" in suna nuna lokaci ko sharaɗi. Wannan ɓangaren yana ɗaukar sigar yanzu, "will" ya tsaya a ɗaya ɓangaren: "When I arrive, I will call you". "If he comes, we will eat".

Ki lura Hausa ma ba ta cewa "in zan iso zan kira ka". Cewa muke "in na iso". To amma nan akwai wani rami: "na iso" ya yi kama da abin da ya wuce, sai wasu su rubuta "When I arrived, I will call you". Shi ma kuskure ne. "Arrive" kawai, in mutum ɗaya ake magana a kansa a ƙara masa -s: "when she arrives".

Akwai wurin da "when" ke karɓar "will", wato in tambaya ce: "When will you arrive?" ko "I don't know when he will arrive". A nan "yaushe" yake nufi.

Kurakuran ginin jimla da suka fi cin maki guda uku ne: "I will going", "she will goes", da "I going to buy". Bayan "will" aikatau tsirara yake zuwa, ba -s, ba -ing, ba "to". Shi kuwa "going to" ba ya tafiya sai da "am", "is" ko "are" a gabansa.

Alhaji Sanusi:

Malamai sun gama da na takarda. Ga na kasuwa, don mutanenmu da yawa Ingilishinsu a hanyar Dan Issa zuwa Jibiya da Katsina suka tsince shi. A Burokan na Najeriya "I go pay you" nufinsa "zan biya ka". Daidai ne a can, amma kada ya shiga takardar jarrabawa ko wasiƙar ciniki. Haka "next tomorrow" da ake nufin jibi: a daidaitaccen Ingilishi "the day after tomorrow" ne. Gata ba ta da kalma tata, sai a ce "in three days". A lura, "in" ake sawa in daga yau ake ƙirga, ba "after" ba.

Sai "I'm coming". Mu muna cewa "ina zuwa" muna fita, nufinmu yanzu za mu dawo. Baturen Ingila ko Ba'amurke in ka ce masa haka kana ba shi baya, ruɗewa zai yi, don a wurinsa mai tahowa ne ke faɗar ta. Abin faɗa shi ne "I'll be right back".

Kunne ma sai an horar da shi. Ba kasafai suke furta "will" cikakke ba: "I'll", "we'll", "he'll". "Going to" ya kan koma "gonna" a baki, amma ba a rubuta shi a takarda mai muhimmanci. Mafi haɗari shi ne "won't" da "want". "I won't pay" ba zan biya ba ne, "I want to pay" ina son biya. Na farko ana zagaye leɓe a ja wasalin, kuma "to" ba ya bin sa. A waya, in ana maganar kuɗi, gara a ce "I will not" a fili.

Malam Habu:

Alhaji ya tuna mini wani amfani na "won't": ƙin yi. "The car won't start" ba maganar gobe ba ce, "mota ta ƙi tashi" ce, yanzu-yanzu.

Kuma Hadiza, kada ki ɗauka katanga ce tsakanin "going to" da sigar -ing. "I'm going to meet her tomorrow" da "I'm meeting her tomorrow" duk sun zauna, bambancinsu kaɗan ne. Inda -ing ba ya shiga shi ne abin da mutum ba ya iya shiryawa: ba a cewa "It's raining tomorrow". "Shall" kuwa ya ragu ƙwarai a maganar yau da kullum, in ban da tayi da neman shawara, musamman a Ingila: "Shall I open the window?", "Shall we go?" Ki gwada rubuto jimla biyar a kan abin da za ki yi ranar Juma'a, ki faɗi wanne aka riga aka shirya, sai mu duba miki.