Wane suna zan ba dokin ces a ƙasar da ba doki?

Jama'a, ku taimaka mini. Ina rubuta labari kan wasu masunta mazauna tsibirai. Na ƙirƙiro musu harshe, yanzu ina so su riƙa buga wasa irin ces (chess, wasa mai kama da dara wanda ake kiran ɗaya daga cikin 'ya'yansa doki), amma ba su taɓa ganin doki ba.

Na san sunayen 'ya'yan ces suna canzawa daga ƙasa zuwa ƙasa. Giwar Larabawa ta zama bishof a Ingila, waziri ya koma sarauniya a Turai. Doki kuwa kusan ko'ina doki ne ko mahayinsa, sai Jamusawa da wasu Turawan da ke ce masa mai tsalle.

Na gwada kaguwa, amma ba ta tsallake kowa, alhali dokin ces yana tsallake sauran 'ya'yan wasan. Kifin da ke tsalle daga ruwa fa, zai yi? Mako uku ke nan ɗan icen da na sassaƙa yana kan tebur ba suna.