Awon zafin ƙasa yana tsalle duk lokacin da aka kunna famfon rijiya

Ɗalibi a gonar gwaji:
Assalamu alaikum, malamai. Ina auna zafin ƙasa a gonar noman rani da tamokoful (abin auna zafi mai wayoyin ƙarfe biyu mabambanta da aka haɗa bakinsu) guda 24 nau'in T, waɗanda na haɗa da na'urar sauya layuka ta AM16/32B, ita kuma tana miƙa awon ga na'urar tattara bayanai ta CR1000X. Kowace na'ura tana cikin akwatinta, tazararsu kamar mita 30, kuma kowace na kafa mata sandar ƙasa tata, wato sandar ƙarfen da ke zubar da wutar lantarki cikin ƙasa. Da dare awon yana tafiya daidai, amma da zarar an kunna famfon rijiyar burtsatse da safe sai lambobin su yi tsalle da kusan digiri 5 a dukkan layukan lokaci guda. Na sauya tamokoful uku ban ga canji ba. Ina laifin yake?

Injiniya mai ritaya:
Wa alaikumus salam. Tunda dukkan layukan suna tsalle tare, ka bar zargin tamokoful, domin ba za su lalace su 24 a minti ɗaya ba. Nau'in T yana ba da kimanin maikrobolt 40 ne kacal a kowane digiri (maikrobolt dubu ne milibolt ɗaya), wato kashi ɗaya cikin biyar na milibolt ya isa ya haifar da digiri 5 ɗin da kake gani. Sanduna biyu da ke nesa da juna ba sa zama a matakin lantarki ɗaya, musamman idan famfo yana yoyon wuta cikin ƙasa, kuma idan ka ɗaure saƙar ƙarfen da ke lulluɓe da wayar da ta haɗa akwatunan a ɓangarorin biyu, to ka buɗe wa wannan wutar hanya ta bi kusa da siginarka. Ka ɗaure saƙar a wajen na'urar tattara bayanai kaɗai, ɗaya bakin kuma ka yanke shi ka naɗe da tef. Sannan ka duba shirin da ka rubuta: idan awo kake yi da waya ɗaya kana kwatanta ta da wayar ƙasa, ka koma awon bambanci tsakanin tashoshin H da L, tunda a tsarin 2x32 na AM16/32B kowane layi yana da waɗannan tashoshi biyu, kuma ka zaɓi tacewar 50 Hz, wadda ita ce ta wutarmu.

Ɗalibi a gonar gwaji:
Na gode, Baba Injiniya. Lallai saƙar a ɗaure take ta kowane ɓangare. Ke nan in tumɓuke sandar da ke wajen na'urar sauya layuka?

Mai kula da tashoshin yanayi:
Kada ka tumɓuke ta, ɗan'uwa. Yanzu rani ne shi ya sa kake tunanin tsabtar awo kawai, amma idan damina ta sauka tsawa ce babbar damuwarka, kuma wayoyi masu tsawo da ke kwance a fili suna ɗaukar ƙarfinta ko da ba a kansu ta faɗi ba. Na taɓa buɗe akwati bayan hadarin watan Agusta na tarar da allon ya yi baƙi, warin ƙonannen roba ya cika shi, saboda kawai an ɗaure wayar ƙasa a jikin sanda mai tsatsa. Abin da za ka yi shi ne ka haɗa sandunan biyu da wayar jan ƙarfe mai kauri, ka sa wayar da ke fita daga kowane akwati zuwa sandarsa ta zama gajeriya kuma miƙaƙƙiya, ka goge wurin ɗaurin har ya yi ƙyalli kafin ka matse. Sanda mai tsawon mita 2.4 ta fi guntuwa a wurinmu, domin saman ƙasa yana bushewa ƙarau a lokacin hunturu.

Akwai kuma abin da ban ji an ambata ba. Wace irin waya ce tsakanin akwatunan biyu? Idan ta jan ƙarfe ce zalla, mahaɗar da ake kwatanta zafi da ita, wato inda wayar tamokoful ta ƙare, ta koma cikin akwatin AM16/32B, don haka a can ya kamata ka auna zafin kwatanci, ba a jikin CR1000X ba. Wannan kuskuren ba ya tsalle, a hankali yake bin rana, shi ya sa yake wuce mutane.

Ɗalibi a gonar gwaji:
Ta jan ƙarfe ce zalla, kuma zafin jikin CR1000X nake amfani da shi. Gobe da asuba zan kwance saƙar ta ɓangaren AM16/32B kafin a kunna famfo, in kawo muku lambobin.